Zanen da Aka Yanke wa Wuya

Akwai mutumin da ya jawo wa gidan Abdourahamane wannan masifa, kuma ya san kansa. Ba zan kama sunansa ba. Har yau yana yawo a Vaulx-en-Velin, can gefen Lyon a Faransa, da dogon carbi, yana yanke hukunci a gidajen mutane kan abin da bai sani ba.

Raliatou, 'yar Abdourahamane, zane take koyo a wata lakwal, wato makaranta, a Lyon, shekarar 1994. Aka ba su aikin zana mala'ikan da Turawa ke cewa an koro daga sama, mai baƙaƙen fukafukai, ɗaya a karye. Kowa ya zana shi da fushi. Ita ta zana shi zaune a ƙasa yana hawaye, ta rataye a bangon ɗakinta.

Sai mutumin nan ya zo gaisuwa, ya hango zanen. Ya ce albarka ba ta shiga gida mai hoton abu mai rai, sai an raba kai da jiki. Kunya ta kama uban. Gab da magariba Abdourahamane ya ɗauki reza, ko bisimilla bai yi ba, ya yanke kan zanen ya jefa a shara.

Rana ta faɗi. Gidan ya yi tsit. Zainabu, uwar yarinyar, tana tuƙa tuwo, sai dutse ya faɗo cikin tukunya. Tagogi a rufe, gida can saman bene. Jan dutse ne, mai zafi, irin na garinsu Damagaram.

Kullum magariba haka. Hannun Raliatou na dama ya dunƙule ya ƙi buɗuwa, likitoci suka ce ba su ga komai ba, ga jarrabawa ta ƙarato. Da ta fara magana da muryar tsoho, sai aka ɗauko Malam Mai Moussa daga La Courneuve, can Paris.

Malam ya zauna kan tabarma, ya yi ta karatu har yarinyar ta sandare. Ya tambayi mai maganar ko shi wane ne.

"Mala'ika ne ni. An koro ni."

"Ƙarya kake," in ji Malam, ko murya bai ɗaga ba. "Mala'ika ba ya saɓo, balle a koro shi. Fukafukan nan aro ka yi."

Sai kuka, a hankali. Ya ce shi aljani ne, tsamiyarsa aka sare a Zinder, wato Damagaram, ya biyo kayan Zainabu. A nan bai samu itace ko kango ba, sai ramin shara na bene. Bai taɓa ganin an zana korarre da tausayi ba sai a bangon nan, shi ya sa ya shiga zanen. A mayar masa da kai, ko ya riƙe hannun.

Kai kuwa motar shara ta tafi da shi tuni. Malam ya ce fuska kam ba za a sake yi masa ba, amma aljanin ya saki hannun, yarinyar ta zana masa tsamiya, a ba matafiyi ya kai ta gida.

"Da inuwa?" in ji aljanin.

"Da inuwa," in ji Malam.

Yatsun suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Ta zana itacen, idonta a rufe, ta yi atishawa, ta faɗi. Jifa ya tsaya daga ranar.

Ta ci jarrabawarta. Amma duk fuskar da ta zana tun daga lokacin, ko ta amarya ce, da hawaye take fitowa, ba kuma ita ke sa su ba. Tana nan Lyon, da ranta. Ka je ka zauna ta zana ka, ka dubi takardar, sannan ka dawo ka ce mini ƙarya nake.