Zanen da Iya ta Gani

"Don Allah, Abban Hadiyya, ka sauke zanen nan kafin Iya ta kira!"

Ziyad ya ɗago daga bahon wanka, kumfa har gwiwar hannu. "Haba, zuciyata... me ya yi miki kuma?"

Hasna ta harari bangon. Tsohon zane ne na Turawa, irin wanda ake bugawa da dutse, ya fi shekara ɗari. Ziyad, ɗalibin zane, ya tsinto kwafinsa a wani kedai, wato shago, kafin kullen korona. Uwa ce da uba da jariri, fuskoki duk a karkace, hannun uban kamar faranti, ya manna kumatunsa a kan ɗan.

"Ka san Iya da kunyar ɗan fari. Ni 'yar farinta ce, ko sunana ba ta taɓa kira ba. Ta ga ƙato yana sumbatar ɗansa a falonmu? Cewa za ta yi Malesiya ta cinye mana kunya!"

Dama Iya ta riga ta yanke hukunci: ana buɗe jirgi Hasna da jaririya za su dawo Kano, don namiji bai iya jego ba. Hasna ba ta iya musu da Iya, ba ta kuma son barin Ziyad shi kaɗai a unguwarsu ta Taman Melati. Abin yana cinta sosai.

"Boleh, na yarda, bari in gama..." Bai rufe baki ba waya ta yi ƙara, Iya ce ke kiran bidiyo.

Garin rawar jiki Hasna ta danna kyamarar baya. Shi ke nan, mai afkuwa ta afku! Ga Ziyad a tsaye ƙarƙashin zanen, zanin Hasna ɗaure a ƙugunsa, Hadiyya cikin tawul, kumatunsa a kanta.

"Ke, wane ne wancan?" in ji Iya.

"Sirikinki ne, Iya..."

"Na bangon nake nufi. Wannan mai hannu kamar na maƙeri."

Ziyad ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, kunya kamar ƙasa ta tsage.

"Kai ke yi mata wanka?"

"Eh, Iya. Har kunun kanwa na koya."

"Ya yi daɗi?"

"Ko kusa!" Hasna ta amsa.

Iya ta yi dariya har wayar ta girgiza. Sai kuma ta tsaya kallon na bango da na ƙasa.

"Kina jaririya, ni a ɓoye nake rungumarki, sai ɗaki ya watse," ta ce a hankali. "Ku bar shi a nan. Jirgi kuwa, in an buɗe, ni zan hau."

Hasna ta ƙura wa wayar ido.

"Kina jina... Hasna?"

Ta rushe da kuka tana dariya. "Iya, don Allah ki sake faɗa!"