Matakalar Hajiya

Ranar da Zakariyya'u ya fara ganin Hafsat, a shagon kayan mota ne a Kakuri. Tana tsaye da igiyar awo irin ta teloli a hannu, tana ta musu da mai shago.

"Malam, wannan matakalar ado ce. Ni wadda za ta sauko ƙasa nake so, yadda mara lafiya zai taka."

"Hajiya, haka kamfani ya yi ta. Ni sayarwa ce tawa."

Zakariyya'u ƙusoshi ya zo saya, amma nan take ya manta da su. Ma'aikacin sito ne a wani kamfani a Kudenda, sai dai duk Asabar yana ƙarƙashin tsohuwar jif ɗin gidansu a Unguwar Sanusi. Ya sa mata kariya a sama, ya ƙara mata fitilu, har fanka ya ɗaura wa 'yan baya. Ƙannensa na kiransa Injiniyan Asabar, kuma ba kullum ne yabo ba.

"Ki gafarce ni," ya ce, "wa zai taka?"

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ga baƙin mai a gwiwar wandonsa, sannan ta sauke murya.

"Mamana. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Tana tafiya da sanda, amma motar Babanmu ta yi mata tsawo. Tun da ta dawo daga asibiti ba ta taka ƙofar gida ba. Mahaifiyarta na Saminaka, tsohuwa ce tukuf, kullum aike take yi a kawo mata 'yarta."

"Ba a sayar da irin wadda kike so," in ji shi. "Amma ana iya haɗawa."

"Ka taɓa haɗawa?"

"Wallahi ban taɓa ba."

Dariya ta ƙwace mata, ta rufe baki da gefen mayafi. Shi ke nan, Zakariyya'u ya gama yawo. Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, wayar hannu ma sabuwar shigowa ce, kowa na lallaɓa katinsa kamar ƙwai. Duk da haka ya karɓi lambarta, kuma kafin ya isa gida ya tura mata saƙo:

"Injiniyan Asabar ne. Ki auna min daga ƙasa zuwa bakin ƙofar motar. Ki gaida Mama da jiki."

Amsa ta zo: "Na auna tun tuni. Injiniyan da bai taɓa yi ba, Allah ya taimake mu."

To, ita wannan mota sai an yi bayaninta. Alhaji Tanimu, mahaifin Hafsat, ya saye ta ne da ya yi ritaya daga matatar mai ta Rido. Jif ce 'yar Kwatano, ruwan toka, kuma ledar da dila ya naɗe kujerunta da ita tana nan har yau. Duk unguwarsu ta Makera an san Alhaji da ledarsa. In ta yage sai ya sa salatif. Ba a cin gyaɗa a ciki, ba a buga ƙofa, kuma shi da kansa yake wanke ta duk safiya yana yi mata magana ƙasa-ƙasa.

Zakariyya'u ya fara gwaji a motar gidansu. Abokinsa Nicholas, ɗan Binuwai mai walda a kamfaninsu, shi ke haɗa ƙarafan. Matakalar farko ta lanƙwashe da Nicholas ya taka. Ta biyu ta tsaya daram, amma da suka hau tudun rage gudu sai ta karce ƙasa ta yi tsalle cikin kwata. Hafsat ta sha labari a waya har da hawayen dariya.

"Ka haƙura mana, kar ka kashe bawan Allah."

"Ba zan haƙura ba, Madam Awo. Sai Mama ta ga Saminaka."

Ta ce, "Kai ka fara faɗar haka kamar da gaske."

Ta uku ce ta yi, mai naɗewa: a ja ta sauko kusa da ƙasa, a tura ta ɓuya ƙarƙashin mota. Kafin nan kuwa ya fara zuwa zance Makera, yana zama a tabarma a zaure, har ya shiga ya gaida mahaifiyarta, Hajiya Binta, a ɗakinta. Hajiya ta tambaye shi iyayensa da aikinsa, ta ce wa 'yarta bayan ya fita, "Wannan yaron yana kallon mutum in yana magana da shi."

Wata rana da yamma ya ce wa Hafsat, "Sauran abu ɗaya. Sai an huda motar, ƙasa da kuma jikin ƙofa, inda za a sa mariƙi. Ledar kujerar gaba ma sai an cire, santsi gare ta. Ki nemi izinin Baba."

Hafsat ta yi niyyar tambaya, Allah ya sani. Ta je har ƙofar falo, ta hango Alhaji yana goge madubin motar da gefen rigarsa. Ta san amsar. Ta koma ɗaki ta rubuta: "Baba ya yarda. Ka zo Asabar."

Ranar Asabar Alhaji ya tafi ɗaurin aure a motar maƙwabci. Ya dawo da wuri. Tun daga bakin layi ya jiyo kukan injin huda, ya shigo ya tarar da Zakariyya'u durƙushe, garin ƙarfe a ƙasa, ledar kujerar gaba a yashe gefe.

"Inna lillahi! Kai! Uban wa ya sa ka?"

Zakariyya'u ya ɗago ya dubi Hafsat. Ta sunkuyar da kai. Nan ya gane komai.

"Laifina ne, Baba. Ka yi haƙuri."

"Kar ka ƙara ce min Baba! Ka shigo gidana ka farke min mota kamar gwangwani? Tattara tarkacenka. In na sake ganin ƙafarka a layin nan, sai dai a ji mu a ofishin 'yan sanda."

Ya tattara kayan aikinsa ya fita. Matakalar dai ta riga ta ɗauru. Da la'asar saƙonsa ya shigo:

"Da kin faɗa min gaskiya, da na zo na roƙe shi da kaina, ko zai kore ni sau nawa. Ban ji zafin zagin ba. Naki ne ya yi min ciwo."

Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. Daga ƙarshe ta tura: "Tsoro ne ya sa ni. Na cuce ka, na cuci Mama. Ka yafe min, Injiniyana."

Bai amsa ba, ita kuma ta sha kuka har idonta ya kumbura. Ta faɗa wa mahaifinta cewa ita ta yi ƙarya, amma ya ce wannan bai toshe masa huda ko ɗaya ba.

Ana cikin haka Nazifi ya samu ƙofa. Ɗan abokin Alhaji ne, dillalin motoci, ya daɗe yana son Hafsat tana zillewa. Ba mugu ba ne, kawai dai yaro ne mai son a gani. Ya karɓi makulli ya ce, "Alhaji, bar min ita, zan share maka hawaye." Da motar ta dawo sai da yaran layi suka bi ta da gudu. An cire matakala an jefa a sito tare da tsofaffin tayoyi. An sa manyan tayoyi masu ƙafar azurfa, baƙin gilashi, ƙarfen kariya a gaba, ga sabuwar leda tana sheƙi. Motar ta ƙara tsawo, har Alhaji ma sai ya yi nishi yake hawa. Amma murna fal cikinsa, ya fara cewa a turo magabata.

Sai ga aike daga Saminaka wata safiya: jikin Iya, mahaifiyar Hajiya, ya yi tsanani, ba ta kiran sunan kowa sai Binta.

Hajiya ta yi wanka, ta sa atamfar da ta daɗe a akwati, ta fito tsakar gida da sandarta tana jan ƙafa. Ta tsaya gaban ƙofar motar. Kujerar ta kusa kai mata ƙirji. Ta ɗaga ƙafa, ta sauke. Ta sake ɗagawa.

"Ba matsala, Hajiya," in ji Nazifi, wanda ya zo rakiya. "Bari in kira samarin layi su ɗaga ki, yanzu za a wuce wurin."

Hajiya ta dube shi, ba da faɗa ba.

"Ɗana, ni matar aure ce, ba buhun masara ba." Ta juya ga Hafsat. "Mayar da ni ɗaki."

Ta juya tana dogara sandarta. Alhaji ya bi bayanta da kallo har labule ya rufe. Ya zauna a bakin rijiya, ya cire hula, ya daɗe yana juya ta a hannu.

"Hafsatu. Wannan abin da yaron nan ya haɗa, yana ina?"

"Yana sito, Baba."

"Kira shi."

Ta ɗauki waya ta rubuta: "Baba ne ya ce ka zo. Wallahi wannan karon da bakinsa ya faɗa. Iya ba lafiya."

Kafin ta ajiye wayar amsa ta shigo: "Ga ni nan, Madam Awo. Ki fito da tsofaffin tayoyin."

Ya nemi izini a wurin aiki, ya iso kan acaɓa shi da Nicholas, da jakar kayan aiki a tsakaninsu. Ya durƙusa ya gaida Alhaji kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Aka hau aiki. Nazifi ya ɗan tsaya, sannan ya naɗe hannun riga ya kama jak ɗin ɗaga mota, don dai a faɗi gaskiya. Alhaji da kansa yake miƙa sufana. Aka mayar da tsofaffin tayoyi, motar ta sauko. Hudojin da suka jawo rigima suna nan inda suke, matakala ta koma mazauninta, mariƙi ya kama jikin ƙofa.

Zakariyya'u ya dubi kujerar gaba, ya dubi Alhaji.

Alhaji ya gane. Ya sa hannu a aljihu ya ciro ɗan makullin gidan, ya soka a ledar, ya ja. Ƙyaaat! Ya yaye ta gaba ɗaya, ya dunƙule ya cilla bayan rijiya.

Hajiya ta sake fitowa. Ta miƙa wa mijinta sanda, ta kama mariƙi da hannun dama, ta ɗora ƙafa a matakala. Hafsat ta matso, Hajiya ta ce mata, "Bar ni." Ta yi bisimilla, ta yunƙura, sai ga ta zaune a gaba tana gyara mayafi.

"To, Alhaji," ta ce, "ko sai na tuƙa?"

Alhaji ya juya baya yana goge ido da hula. Ya kama hannun Zakariyya'u ya ja shi gefe, amma Hafsat na jin su.

"Ka ɗauka motar nake so fiye da Hajiya, ko? Kowa haka yake gani. Da aka sallamo ta, ni na ce zan sauko da ita daga mota da hannuna. Ta suɓuce min, ta faɗi a nan, daidai inda kake tsaye. Tun ranar nake tsoron ƙofar nan. Gara in wanke mota in yi ta faɗa, da in sake ganin haka."

"Allah ya ƙara mata lafiya, Baba."

"Amin. Shiga baya, kai za ka karɓe ni in na gaji. In mun dawo ka turo min manyanka."

Sun samu Iya da rai. Ta shafa fuskar 'yarta da hannu biyu, ta ce, "Binta, kin rame," ta kuma sa aka dama mata fura. Ta ƙara wasu watanni a duniya, kuma kusan duk Juma'a jif ɗin na hanyar Saminaka.

Bayan sallar layya aka ɗaura aure a masallacin Makera. Nazifi ya zo da motocin ɗaukar amarya, Nicholas ya sha babbar riga har yana tuntuɓe da ita. Da za a fita da amarya, Hajiya ta riƙe hannunta ta ce, "Allah ya yi miki albarka. Ki riƙe shi da gaskiya, kin dai ga abin da tsoro ya jawo." Alhaji kuwa ya ce ba motar da za ta kai 'yarsa sai tasa.

Hafsat ta fito lulluɓe, ba ta ganin gabanta saboda kuka. Ƙafarta ta laluba ta samu matakalar. Tana zama wayarta ta yi ƙara a hannunta mai lalle, ƙarƙashin mayafi:

"Matakalar ta ɗauke ki lafiya, Madam Awo?"

Ta share ido ta rubuta: "Ko motsi ba ta yi ba, Injiniyana. Mama ta ce ka mayar mata da motar gobe da wuri, wai tana da unguwa."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya bar su tare har tsufa.