Dukan da Nisio Bai Yi Ba

"Ba zan ba shi ba! Na ce ba zan ba shi ba, ko da zai goyo faston coci ya kawo min har ƙofar shago!"

Tsoho mai shagon, Don Evaristo, ya buga ɗan domino a kan tebur har kofunan kofi suka yi tsalle. Abokan wasansa suka sunkuyar da kai kamar ba su ji ba, alhali kunnuwansu a miƙe suke.

'Yarsa Yuderka tana bayan kanta tana auna wa wata mata shinkafa. Ta ɗago, idanunta sun kaɗa.

"Haba Papa... a gaban mutane?"

"Mutanen ne ba su san shi ba? Duk San Pedro wa bai san Maleta ba?"

"Sunansa Dionisio!"

"Sunansa Maleta!"

Kalmar nan ta fi mata mari zafi. Maleta dai akwatin tafiya ne, amma a bakin 'yan besbol, wato wasan ƙwallon da ake duka da sanda, ɗan wasan da ba ya tsinana komai shi ake liƙa wa sunan. Tsohon kuwa da gayya ya zaɓe ta, don ya jefi saurayin 'yarsa da ma'anar biyu a lokaci guda.

Ya ɗaga hannu ya fara lanƙwasa yatsu. "Amurka sun ɗauke shi, sun sako shi. Meksiko, ƙungiya nawa ma? Benezuwela, Taiwan, Kanada, Nikaragua... Kai Chepe, ara min yatsunka, nawa sun ƙare!"

Aka kwashe da dariya. Yuderka ta ƙulle ledar shinkafar da ƙarfi har ta yage.

"Namijin da ƙungiya ɗaya ta kasa riƙe shi shekara biyu, shi ne zai riƙe mace?" Muryar tsohon ta sauka, amma ba ta yi laushi ba. "Na san irinsu, 'yata. Mai yawo kansa kawai ya sani. In ya tsaya da sanda ba ruwansa da ƙungiya ta ci ko ta faɗi, shi dai a ce ya doka. Haka zai yi miki."

A unguwarsu ba a yi wa Don Evaristo gardamar ƙwallo. Da ƙuruciyarsa shi ne mai dukan da ƙungiyar kamfanin rake ke taƙama da shi, kafin gwiwa ta zaunar da shi. Tun da mahaifiyarta ta rasu, yayyenta maza suka tsallaka New York, ita ce komai nasa. Ita ke daka masa ayabar safe da soyayyar albasa, ita ke bin sa da maganin hawan jini, ita ke riƙe shagon. Tana son tsohon nan kamar ranta, kuma ta rantse wa kanta ba za ta shiga coci da farar riga ba sai da yardarsa.

Washegari da hantsi ta hau acaba zuwa gidan su Dionisio, wanda take kira Nisio. Ta same shi a tsakar gida ƙarƙashin mangwaro, yana cilla murafen kwalba sama yana dukansu da sandar tsintsiya. Shekararsa talatin da uku, amma bai daina wannan atisayen na yara ba.

Yana ganin fuskarta ya jingine sandar.

"Zuciyata... ya sake kirana da sunan ko?"

"Har da ƙidayar ƙasashe."

"Ya sa Kolombiya?"

"A'a."

"Kin gani? Ya rage min ɗaya!"

Ta kai masa duka a ƙirji, ga dariya ga hawaye. "Nisio, ba abin wasa ba ne! Ni ce a tsakiya, kowannenku yana jana!"

Ya riƙe hannayenta. "Saurara, Yudi. Kin san ƙungiyar garinmu ta ɗauke ni ne don wani ya ji ciwo, cike gurbi kawai. To ran Lahadi wani mutum zai zo daga Japan, takanas don ya gan ni. Mai duka suke nema, wanda zai riƙa fitar da ƙwallo bayan katanga. Shekara biyu cur, har da gida!"

"Shekara biyu?"

"Karon farko a rayuwata da wani zai so ni fiye da kakar wasa ɗaya. In na zabga ɗaya mai kyau a gabansa, me Papanki zai ƙara cewa? Ba shi ya ce ba mai riƙe ni ba?"

"In kuma ba ka doka ba fa?"

Ta ga tsoro ya gilma a idon mutumin da aka sallama sau ba adadi bai taɓa kuka a gabanta ba.

"Sai ki yanke shawara, rabin raina... ni dai ba zan taɓa ce miki ki saɓa wa mahaifinki ba."

Ta kifa kanta a ƙirjinsa ta yi kuka mai isarta.

Ran Lahadi da yamma filin ya cika ya batse. Ganguna, ƙaho, masu tallan soyayyar ayaba, kowa da koriyar riga. Don Evaristo ba ya fashin wasan gida ko da zazzaɓi yake, don haka Yuderka ta riƙo shi har kujerarsa ta kullum. Can ƙasa, bayan raga, ta hango baƙon. Shi kaɗai ne da kwat a cikin wannan zafin.

Aka yi ta wasa, Nisio yana zaune a benci. Zagaye ya wuce, wani ya wuce, koci ko kallonsa bai yi ba. Yuderka ta cinye faratanta tas.

"Ga mutuminki can yana ɗumama katako," in ji tsohon. "A wannan kam gwani ne."

"Papa, don Allah ka bar ni da abin da ke damuna!"

Zagayen ƙarshe ya zo ana kunnen doki. Ɗan wasan garin na farko ya samu ya kai kusurwa ta ɗaya, ba a fitar da kowa ba tukuna. Sai lasifika ta kira sunan Dionisio.

Yuderka ta miƙe zumbur. "Wayyo Allah... Uwa Altagracia mai tsarki, ki tsaya masa!"

Don Evaristo ya gyara zama, ya ƙanƙance ido. In wasa ya kai nan, mantawa yake da wanda yake ƙi.

"Mai jifan nan ƙasa-ƙasa yake jefawa," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Duk wanda ya zabgi ƙwallon da ƙarfi, a ƙasa za ta gangara hannunsu, su fitar da mutum biyu a tare. Toke ya kamata a yi."

Yuderka ta san toke. Mai duka ya tara sanda kawai, ƙwallo ta taɓa ta faɗi a gabansa. Shi za a fitar da shi, amma abokinsa zai matsa kusurwa ta biyu, inda duka ɗaya mai sauƙi zai kawo shi gida su ci maki.

"To koci ya ce ya yi?"

Tsohon ya bi hannun kocin da kallo, yana taɓa hula, yana shafa ƙirji. "Ina! Ya sakar masa mara, ya ce ya doki son ransa. Ya san da zuwan baƙon. Kuma wane ɗan ƙasar nan ne zai yi toke ana kallonsa daga Japan? Tun muna yara mun san ba mai ɗaukarka zuwa waje don ka taɓa ƙwallo a hankali. Zuba ido ki ga son kai."

Nisio ya tako a nutse. Ya dubi mai jifan, ya dubi masu tsaron da suka ja da baya can nesa suna jiran dukan ƙarfi. Ya ɗaga sanda sama kamar mai shirin fasa katanga.

Ƙwallo ta taso.

Sai ya rusuna ya tara sandar.

Ƙas! Ƙwallon ta faɗi ta gangara a hankali kan ciyawa. Masu tsaro suka rugo a ruɗe, suka cilla ta kusurwa ta ɗaya, alƙalin wasa ya ɗaga hannu. An fitar da Nisio. Abokinsa kuwa yana tsaye a ta biyu yana kaɗe ƙurar wando.

"Nisio... me ka yi?" Muryar Yuderka ta karye. "Me ka yi mana?"

A ƙasa, baƙon ya miƙe, ya ɓalla maɓallin kwat ɗinsa, ya nufi ƙofa.

Wanda ya biyo bayan Nisio, wani sabon jini ɗan shekara ashirin, ya ɗan tsallakar da ƙwallo kan masu tsaro, na kusurwa ta biyu ya sheƙo ya faɗa gida. Filin ya kece da ihu! Gari ya ci! Aka ɗaga sabon jinin sama ana kiran sunansa, ba wanda ya waiwayi benci.

Wani mai jan ido a bayansu, da kwalbar giya a hannu, ya daka tsawa. "Maleta! Matsoraci! An ba ka sanda ka kasa duka!"

Don Evaristo ya juya da sauri har hularsa ta faɗi.

"Rufe min baki! Kai ka taɓa riƙe wata sanda ban da ta shara? Wa ya kai yaron can kusurwa ta biyu, ubanka?"

Yuderka ta saki baki tana kallon mahaifinta, hawaye na zuba.

"Me kike kallo? Ɗauko min hulata. Kai ni ƙofar 'yan wasa."

Sun daɗe a tsaye kafin Nisio ya fito, shi kaɗai, da jakar sandunansa a kafaɗa. Da ya hango su ya cire hula.

"Barka da yamma, Don Evaristo."

"Wa ya ce ka yi toke?"

"Ba kowa."

"Ka san mutumin Japan yana wurin?"

"Na sani."

"Ka san ya tafi?"

"Na gan shi da wutsiyar ido tun ina gudu."

"To don me?"

Nisio ya ɗaga kai. Ba ɗigon nadama a fuskarsa.

"Don shi wasan ya nema. Kowa ya ga haka, ku ma kun gani." Ya dafa koriyar rigar da ke saƙale a jakarsa. "Na sa riguna da yawa, Don Evaristo, wasu ko sunan da ke jiki ban iya karantawa ba. Wannan ce ta farko mai sunan garin da aka haife ni. Ba zan sa ta faɗi don wani ya gan ni ba. Kuma gaskiya ne ƙungiyoyi da yawa sun sallame ni, amma duk wadda ta sallame ni, wata ce ta kira. Ba a kiran mutumin banza."

Ya juya ga Yuderka, muryarsa ta yi rauni. "Ki yafe min, zuciyata... na zubar mana da damar."

Ta girgiza kai da ƙarfi. Haushin ya tafi, wani irin alfahari ne ya cika mata ƙirji.

"Ko duniya ce ta taru a filin nan, kai zan nuna in ce nawa ne!"

Tsohon ya yi gyaran murya. "Miƙo hannunka."

Nisio ya miƙa. Don Evaristo ya juya tafin, ya shafa kantar da sanda ta yi masa shekara da shekaru.

"Ba kai nake ƙi ba," ya ce a hankali. "Tsoro nake in farka wata safiya ba kowa a gidan. Uwarta ta tafi, mazan sun tafi..."

"Papa!" Yuderka ta ruƙunƙume shi.

"Sake ni, ana kallo." Ya kamo hannunta ya ɗora a cikin na Nisio. "Mutumin da ya yarda a fitar da shi don wani ya matsa gaba, zai iya da mace. Duk inda aka kira shi ki bi shi, ni Chepe ya daka min ayabar, in ya kashe ni shi ke nan. Amma a cocin unguwarmu za a ɗaura, kuma kowace kakar sanyi a gidana za ku sauka!"

Nisio ya saki jakar ta faɗi, ya sunkuyar da kai kamar yadda kowane ɗa a ƙasar ke yi in ya haɗu da mahaifinsa. Shi nasa mahaifin ya rasu tun bai isa riƙe sanda ba.

"Sa min albarka... Papa."

Tsohon ya ɗora hannu a kansa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Ya zaro hankici ya fyace hanci da ƙarfi, ya harari su biyun da jajayen idanu.

"Amma token nan naka ya yi ƙarfi. Da ka sassauta hannu, da kai ma ka tsira. Gobe ka zo shago in nuna maka yadda ake yi."