Katunan Shiga Bakwai

Da hantsi aka kira Sufeto Hamani sansanin wata ƙungiyar agaji da ke Diffa. Katunan shiga bakwai sun ɓace daga biron darekta, wato ofishinsa, ga shi gobe ɗaruruwan 'yan gudun hijira za su cika farfajiyar domin rabon hatsi. Duk wanda ya rataya katin, ba a taɓa jikinsa a ƙofa.

Hamani ya zagaya katangar. Waya mai ƙaya tana nan lafiya, ba kwaɗon da aka fasa. Ya gwammace a ce ya tarar da rami, don rashinsa na nufin ta ƙofa ɓarawon ya shigo. A bakin durowar da ake ajiye katunan kuwa ya ga jan gari, ya shinshina: tattasai.

"Wa ya shigo jiya ba a caje shi ba?" ya tambayi Zubairu mai gadi.

"Ranka ya daɗe, ko darekta in bai rataya kati ba sai na bi jikinsa da na'ura."



Yakaka mai ƙosan bakin ƙofa ta yi tsaki. "Yallaɓai, jiya da azahar na ga wannan ƙaton ya tuɓe takalmi ya durƙusa wa wani tsoho. Ko ido bai ɗaga ba, balle na'ura."

Zubairu ya sunkuyar da kai. "Surukina ne, Malam Alasan, manomin tattasai daga Baruwa. Ya ce alwala zai yi. Ta yaya zan lalube uban matata?"

A tashar mota suka cim ma tsohon, yana zaune bisa buhu. Da fari ya rantse bai wuce famfo ba. Da Hamani ya zaro wuƙa zai farke buhun, sai tsohon ya riƙe masa hannu.

"Mutanen daji, masu bindigar nan, ne suka ɗauke ɗana a gona. Sun ce katunan ne fansarsa. Sun san Zubairu ba zai taɓa ni ba."

Hamani ya ƙirga katunan da suka fito daga cikin tattasan buhun. Shida. 

"Ɗayan fa, Baba?"

"Tun jiya wani mai babur ya karɓa."

Nan take Hamani ya buga wa darekta waya: a soke katunan duka, gobe kowa sai an caje shi.

Ana sa wa tsohon ankwa, sai ya juyo.

"Idan suka zo katin bai yi aiki ba, yaya za su yi da ɗana?"

Hamani ya buɗe masa ƙofar mota, ya sa shi ciki.