Siginar da Ta Dawo da Wuri

Da hantsi rahoto ya iso ofishin Sufeton 'yan sanda: layin wayar babban asibiti ya mutu tun jiya, masu neman motar ɗaukar marasa lafiya suna kira ba ya shiga.

A ɗakin na'urori na kamfanin wayar ya tarar da Injiniya, wata mace mai gilashi, tana tsaye gaban akwatin ƙarfe mai ƙananan fitilu, duk kore.

"Wannan na'urar ce ke tara layuka da yawa ta tura su ta hanya ɗaya," in ji ta. "Ita dai cewa take lafiya lau."

Shugaban masu gyara, wanda ake kira Dogo, ya yi caraf ya ce, "Ranka ya daɗe, ni da kaina na gwada. Sigina ta je asibiti ta dawo. Matsalar daga wajensu take."

"Yaya ake gwajin?" Sufeto ya tambayi Injiniya.

"Kamar ka yi kira a bakin rijiya ne ka saurari amsa. Muna tura sigina, a juyo mana da ita daga can. Inda ta daina dawowa, nan ɓarnar take."

"A sake, ina kallo."

Ta danna, ta ƙura wa allo ido, sai ta haɗe gira.

"Ta dawo, Yallaɓai, amma da wuri. Ba ta kai asibiti ba. A hanya aka juyo ta."

Tasha ɗaya ce a tsakani, ƙaramin ɗaki a gindin turken sadarwa. Can suka nufa, Dogo na biye da su a motarsa. Maigadinta dattijo ne, yana ganin kaki ya miƙe zumbur tun ba a tambaye shi ba.

"Wallahi ba wanda ya zo, ɗana."

"Baba, ciyawar nan a kwance take, ga sawun mota," in ji Sufeto.

Tsohon ya sunkuyar da kai.

A ciki, Injiniya ta buɗe akwatin. Gurbin katin da ke kai layin asibiti wayam. An ɗauki wata gajeriyar waya an haɗa mafita da mashiga, don kada ƙararrawa ta yi ƙara a ofis.

"Ɓarawon titi bai san wannan ba," in ji Sufeto. Ya juya. "Dogo, wa ka kira a asibiti ya juyo maka siginar?"

"Ai... mai kula da wayoyinsu."

"Na yi magana da shi kafin in fito. Ya ce rabonsa da jin muryarka an daɗe."

Nan maigadi ya fashe da kuka. "Shi ne! Ya ce in na buɗe baki, ni za a ɗaure."

Dogo ya zauna daɓas a ƙasa. "Na sami mai saye ne. Na ɗauka zan mayar da wani kafin a gane. Katin yana motata."

Aka sa masa ankwa, wani kofur ya tasa ƙeyarsa.

Aka ɗauko katin daga motar, Injiniya ta mayar da shi, ta kira asibiti, ta miƙa wa Sufeto wayar. Muryar wata nas ta cika ɗakin: "Alhamdu lillahi! Ga kiran mai naƙuda ya shigo yanzu, mota ta fita. Allah Ya saka muku!"

Maigadi ya riƙe hannun Sufeto da hannu biyu, yana ta godiya.

"Ba ni za ka gode wa ba, Baba," in ji Sufeto, yana nuna Injiniya. "Ni ma layi zan bi bayanka in gode mata."