Shuɗin Ƙwan Kaka Ingrid

"Wannan? Wannan ɗin za ki aura?" in ji Kaka Ingrid, tana nuna Wendell da cokalin juya ƙwai. "Yaron da ya sa wa karen fasto siket?"

"Kaka, ai ya yi wa karen kyau," Wendell ya faɗa yana washe baki.

Linnea ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Kakarta ce ta raine ta tun tana rarrafe, a wannan gida na bakin gari a jihar Minnesota ta Amurka, kuma ta rantse ba za ta shiga coci da farar riga ba sai tsohuwar nan ta riƙe mata hannu. Kaka kuwa ta ce ko ɗaure ta aka yi ba za ta je ba.

"Kwaleji ka fara, ka gudo. Gyaran mota ka fara, ka watsar. Me ka taɓa gamawa ban da abincin mutane?"

"Kaka, don Allah..." Idon Linnea ya ciko.

Tsohuwa ta ja tsaki ta fita bayan gida. Can sai ga ta da kwali, ciki 'yan matan kaji ne masu gemu buzu-buzu, irin nata da duk garin ya sani da ƙwai masu launi.

"Ungo. Ranar da ka kawo mini shuɗin ƙwai daga akurkinka, sai mu yi maganar biki."

"Shi ke nan?" Wendell ya bugi ƙirji. "Kaka, ki guge takalmin rawarki! Ni kaza in ta ga fuskata ma ƙwai take saki!"

Abin da gogan bai sani ba, lokacin kaka ne ya shigo, rana ta soma gajarta, kuma budurwar kaza in hunturu ya riske ta ba ta fara ƙwai ba, sau da yawa ba ta farawa sai sanyi ya wuce haske ya dawo. Kaka Ingrid ta sani sarai. Murmushi kawai ta yi ta koma wa kaskonta.

Dusar ƙanƙara ta sauko har gwiwa. Kullum da safe ruwan kaji ya daskare kamar dutse, Wendell ya fito da butar ruwan zafi yana rawar ɗari. Ya kwashe kashi, ya zuba sabuwar ciyawa, ya toshe kafar da iska ke shiga. Ya yi musu waƙa, ya yi musu wa'azi, har hoton ƙwai ya nuna musu a waya wai ko sa tuna aikinsu. Su kuwa su ci, su kalle shi da ido ɗaya, su wuce.

"Yallaɓai mai kaji, ina ƙwan?" Haka abokai ke tsokanarsa a gidan mai.

Ana cikin haka kantuna suka fara baza kayan bikin Ista na Kiristoci, har da ɗan kwalin rinin da yara ke rina ƙwai da shi. Wendell ya tsaya gabansa, idonsa ya yi wani ƙyalli. Ya sayi rini, ya sayi fararen ƙwai.

Ranar Lahadi ya shigo kicin ɗin Kaka yana tafiyar ƙasaita, da kwando a hannu. Ƙwai shuɗi shar, gwanin kyau! Linnea ta daka tsalle ta rungume shi.

"Madalla, madalla," in ji Kaka. "Bari mu karya da su."

Ta fasa ɗaya a gefen kasko. Ta ɗaga ɓawon, ta sa farce ta ɓare 'yar fatar ciki, ta juya wa jikarta. Fari fat.

"Kazar kirki, shuɗinta har ciki yake. Wannan riga kawai aka sa masa. Haka za ka riƙe mini yarinya? Waje shuɗi, ciki ƙarya?"

"Kaka, wasa ne fa..."

"Wasa?" in ji Linnea. "Ni na tsaya maka, Wendell! Kowa ya ce ba ka da ta ido, na ce ba su san ka ba. Ashe ni ce ban san ka ba!" Ta fashe da kuka ta haye sama.

Wendell ya ɗauki kwandonsa ya fice.

Ya kira Linnea a waya, ba ta ɗaga ba. Abokai suka ce ya yanka kajin ya huta, miyarsu ma ta fi amfaninsu. Ya ɗauki kwali zai mayar wa Kaka kayanta, sai wata mai jan gemu ta ɗare kafaɗarsa kamar yadda ta saba kullum. Ya ajiye kwalin, ya je ya ɗebo musu tsaba. Haka ya ci gaba, ba mai kallo, ba mai tafa masa.

Ƙanƙara ta narke. Wata safiya ya ji mai jan gemu ta cika unguwa da kyarkyara. Ya afka akurki da silifas ƙafa ɗaya. Ga ƙwai a cikin ciyawa, ɗan ƙarami, da ɗuminsa!

Sai dai ba shuɗi ba ne. Kore ne, koren ma mai duhu-duhu kamar ganyen da ya kwana a miya.

Ragowar rinin na nan a kan firij. Ya dube shi, ya dubi ƙwan. Ya jefa rinin a shara, ya kunna mota.

Linnea ce ta buɗe ƙofa, fuska a ɗaure. Ya wuce gaban Kaka ya buɗe tafin hannunsa.

"Kaka, ba shuɗi ba ne. Na faɗi. Amma kazata ce ta yi shi, ban sa masa komai ba. Na ce dai gara ki gani."

Tsohuwa ta gyara tabarau. Ta karɓa, ta fasa a gefen kasko, ta ɓare 'yar fatar ciki, ta ɗaga ɓawon wajen taga.

Shuɗi! Shuɗi tas kamar sararin sama!

"Sakarai," in ji ta, murya ta yi laushi. "Koren ƙwai ai shuɗi ne da kaza ta shafa wa ruwan ƙasa a waje. Ka kawo abin da na ce."

Linnea ta ƙwala ihu ta maƙale shi, hawaye da dariya a haɗe. Wendell ya ɗaga hannu sama.

"Ban faɗa muku ba? Ni da kazata, duk jihar nan babu kamarmu!"

"Rufe mini baki, ka wanke hannu ka zo ka ci rabin ƙwanka."

A watan Yuni aka yi biki a bayan gidan Kaka, kaji na ratsa tsakanin kujeru suna tsattsagar igiyar takalman baƙi. Kaka Ingrid da kanta ta riƙo hannun amarya, kuma ta yi rawa har sai da aka zaunar da ita.

Samari, ku ji da kyau: wayo yana rina waje ne kawai. Abin da haƙuri da gaskiya suka ƙyanƙyashe kuwa, ko bai yi kyau a ido ba, a fasa shi a gaban kowa, ba zai ba ka kunya ba.