Baƙon Ɗakin Dalhatu

Da otal-otal ɗin Kano ba su cika ba a ranin 1986, da Barira ba ta taɓa ganin Lukmanu ba. Taron manoman rani na ƙasa aka yi, baƙi suka cika gari har wasu na kwana a mota. Lukmanu malamin gona ne daga Yola. Ofishinsu ya biya masa kuɗin jirgi, amma ya gama zagaye birni da jakarsa bai samu ko tabarma ba. Malam Datti, mahaifin Barira, da ya je taron a madadin manoman Kadawa, shi ya tausaya ya kawo shi gida.

Ɗaki ɗaya ne babu kowa, na cikin soro. Na Dalhatu ne, yayan Barira, wanda ruwan babban kanal, magudanar ban ruwan gonaki, ya tafi da shi shekara biyu da suka wuce, ba a ga ko takalminsa ba. Tun ranar ba a buɗe ƙofar ba, sai yau da aka sauki baƙon a ciki.

Barira ce ta kai masa ruwa. Ta leƙa ɗakin, sai ta tarar da idanu masu sanyi suna dubanta.

"Sannu da zuwa, baƙon da otal ya ƙi," ta ce.

"Ai na gode wa otal," in ji shi, "tunda ga inda ya turo ni."

Ta fita da murmushin da ta manta tana da shi.

Da la'asar mahaifiyarta, Inna Tambaya, ta hango bayansa yana alwala a ƙofar ɗakin. Ƙwaryar hannunta ta suɓuce. Dalhatu ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba saboda kunya, "yaron nan" take ce masa.

"Yaron nan, ka dawo?" ta tambaya a hankali.

Lukmanu ya riga ya ji labarin Dalhatu a hanya. Tausayi ya kama shi, ya ce, "Na dawo, Inna."

To, kuskuren ke nan, kuma wallahi da kyakkyawar zuciya ya yi shi. Inna ta ɗauko hular Dalhatu ta ba shi, ya sa. Ta riƙa zama gabansa ba mayafi har ya gama cin tuwo. Barira kuwa in ta ga hular nan a tsakar gida sai tsigar jikinta ta tashi, ta rasa ko murna take ko tsoro.

Aka tashi taro, Lukmanu ya koma Yola. Kuɗin jirgi ya yi tashin da albashin Lukmanu ba ya kamo shi, amma bai fasa zuwa ba, a motar haya, ya iso da ƙura har gira. A bakin gonar tumatir suke hira, ruwa na wucewa ta bayansu.

"Barirata, duk tsawon hanyar nan ke nake gani."

"Ni kuma ina tsoron hular nan, baƙona. Ba taka ba ce."

Da ya aiko da maganar aure, Malam Datti ya amince nan take. Inna ta dube shi kamar ya zautu.

"Malam, wa ya taɓa ba yaro ƙanwarsa?"

An yi lallashi, an kira liman, ba ta motsa ba. Barira ta rame. Ba za ta yi aure bisa hawayen uwarta ba, ba kuma za ta iya rabuwa da Lukmanu ba. Ko ƙarar ruwan kanal ta ji sai ta ga kamar yayanta ne ke tambayarta abin da suka yi da ɗakinsa.

Lukmanu ya ajiye hular a kan gadon Dalhatu, ya koma Yola. Mahaifiyarsa, Hajara, tsohuwa ce mai ciwon baya, ba ta iya doguwar mota. Ya sayar da babur ɗinsa ya saya mata tikitin jirgi, shi ya biyo ta ƙasa.

Tsofaffin biyu suka zauna a tabarma ɗaya, Barira na laɓe a bakin madafi.

"'Yar'uwa, ni na haife shi," in ji Hajara. "Tabon da ke gwiwarsa, a murhuna ya samo shi. Na zo in roƙe ki 'yarki. Naki kuwa, ban san shi ba, amma ina so ki ba ni labarinsa."

Inna ta gyara zama. Sannan ta fara, tun daga ranar da ya fara tafiya har safiyar da ya fita ban ruwa. Ta yi kukan da ta hana kanta shekara biyu.

Da yamma Lukmanu ya shigo gaisuwa, ya durƙusa daga nesa, kansa ba hula. Barira ta leƙo daga madafi.

Inna ta dube shi sau ɗaya. Sai ta jawo mayafi ta rufe fuska, ta juya gefe, ta amsa gaisuwar ƙasa-ƙasa, yadda ake yi wa suruki.

Barira ta zame ta zauna a ƙasa, hawaye na zuba.

Bayan an kwashe tumatir aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Inna ta riƙe hannunta a soro, a ƙofar ɗakin da yanzu yake buɗe.

"Allah ya yi muku albarka, ke da mijinki, ya ba ku zaman lafiya," ta ce. Ta dubi gadon da hular ke kai. "Allah ya jiƙan Dalhatu."

Ranar Barira ta fara jin sunan a bakin uwarta.